Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Bin Diddigin Rayuwar Leburori Baƙaƙen Fata na Amurka a Takardun Gundumomi

Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi suka fi yi game da yadda ake gano rayuwar talakawa baƙaƙen fata da suka yi aikin ƙarfi a kudancin Amurka, tun daga ƙarshen zamanin bauta har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Waɗanda ake magana a kansu su ne manoman auduga da rake, da mahaƙan kwal, da 'yan dako a tasoshin jiragen ruwa, da masu shimfiɗa layin dogo, da mata masu wankau da aikatau. Misalai da dama daga jihar Alabama suke, domin a can ne gona da mahaƙa da gidan yari suka cuɗanya fiye da ko'ina.

Me ya sa neman labarin lebura ya fi neman labarin attajiri ko ɗan siyasa wuya?

Attajiri yakan bar wasiƙu da wasiyya da takardun filaye, kuma zuriyarsa sukan kai su ɗakin karatu a adana da sunansa. Lebura kuwa ba safai yake rubuta komai game da kansa ba, balle wanda ya tashi a jihohin da doka ta hana koya wa bawa karatu. Abin da ya saura game da shi wasu ne suka rubuta, kuma kowannensu da bukatar da ta sa ya ɗauki alƙalami: ubangida yana lissafin dukiyarsa, mai kanti yana lissafin bashin da yake bi, alƙali yana lissafin tara, kamfani yana lissafin kwanakin aiki. Saboda haka sunan lebura yakan bayyana ne a duk inda kuɗi suka canza hannu a kansa, ko inda aka tuhume shi da laifi. Mai bincike da ya gane wannan zai daina neman takarda mai ɗauke da sunan mutumin a bangonta, ya koma yana tambayar kansa wane ne ya ci ribar gumin wannan mutum, kuma ina aka ajiye littattafan lissafin mai cin ribar.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga wuri ake farawa, ba daga suna ba. A Amurka gunduma ce take riƙe da rajistar aure, da cinikin filaye, da rabon gado, da haraji, da ƙananan shari'o'i, kuma jiha kamar Alabama tana da gundumomi 67, Georgia tana da 159. Wanda ya san suna amma bai san gunduma ba zai tarar da mutane da yawa masu suna iri ɗaya ba tare da hanyar bambance su ba. Idan mutumin yana da zuriya a raye, tsofaffin gidan ne za su ba da sunan gari ko coci ko maƙabarta ko kamfanin da ya yi wa aiki. Daga nan sai a riƙa komawa baya sannu a hankali, daga abin da aka tabbatar zuwa wanda ba a tabbatar ba, ba tare da tsallake uba ko kaka ko ɗaya ba. Ya kamata kuma a duba tarihin iyakokin gundumar, domin an sha yanka sabuwar gunduma daga tsohuwa, ta yadda iyali suna zaune a gida ɗaya amma takardunsu sun rabu tsakanin kotuna biyu.

Me ƙidayar jama'a take nunawa, kuma me ya sa ake yawan ambaton shekarar 1870?

Ana ƙidaya a Amurka duk bayan shekara goma, kuma doka ta hana bayyana sunayen mutane sai bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ce mafi kusa da za a iya dubawa, tun da aka buɗe ta a watan Afrilu na 2022. Ta 1940 tana nuna albashin da mutum ya samu a shekarar da ta gabata da kuma inda yake zaune a 1935, wanda yake da amfani ƙwarai wajen bin sawun masu ƙaura. Ta 1900 tana ba da wata da shekarar haihuwa, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda suke raye. Ta 1890 kuwa gobara ta lalata kusan dukkanta a birnin Washington a 1921, abin da ya bar giɓin shekara ashirin daidai lokacin da dubban baƙaƙe suke barin gona suna shiga mahaƙai da masana'antu.

Muhimmancin 1870 shi ne ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi, waɗanda yawansu ya kai kusan miliyan 4, da sunayensu. A 1850 da 1860 an lissafa bayi a takarda dabam ƙarƙashin sunan ubangidansu, da shekaru da jinsi da launin fata kawai, babu suna. Sai dai ita ma ta 1870 tana da nata rauni: ba ta faɗi dangantakar mutanen gida da juna ba, sai ta 1880 ce ta fara yin haka, kuma hukumar ƙidaya da kanta ta ƙiyasta daga baya cewa an tsallake baƙaƙe kimanin rabin miliyan a kudanci. Rashin ganin mutum a cikinta ba hujja ba ce cewa ba ya nan. Dabara mai kyau ita ce a karanta shafuka da dama kafin gidan da ake nema da bayansa, domin jami'in ƙidaya gida-gida yake bi, kuma sau da yawa farar fatar da yake da babbar gona a kusa shi ne tsohon ubangida ko mai ba da aiki.

To yaya ake ƙetara 1870 zuwa zamanin bauta?

Sai an gano ubangida, domin a takardunsa sunan bawa yake. Mafi daraja a cikinsu su ne takardun kotun rabon gado. Idan mai bayi ya mutu, kotu takan naɗa mutane su ƙididdige dukiyarsa, su rubuta sunan kowane bawa da kuɗin da suka yi masa, a jere da dawaki da kayan ɗaki. Wani lokaci sukan rubuta uwa tare da 'ya'yanta, ko su ambaci sana'ar mutum, kamar maƙeri ko kafinta. Bayan wannan akwai takardar rabon gadon, wadda take nuna wane magaji ya tafi da wa, kuma a nan ne ake ganin ranar da aka raba iyali. Idan magada ƙanana ne, mai kula da dukiyar yakan ba da bayin haya shekara-shekara, galibi daga ranar 1 ga Janairu, ya kuma kai wa kotu rahoton wanda ya ɗauki hayar da abin da ya biya, har da kuɗin likita da na takalmi. Irin wannan rahoto yana iya bin mutum ɗaya na tsawon shekara goma ko fiye.

Akwai kuma littattafan cinikin filaye, inda ake rubuta kyautar bayi ga 'ya mace lokacin aurenta, ko jinginar da su don karɓar bashi. Inda aka yi sa'a littattafan masana'anta suka tsira, labarin yakan fi haka cika. A maƙerar ƙarfe ta Buffalo Forge da ke gundumar Rockbridge a Virginia, ana biyan bayi kuɗi kan aikin da suka yi fiye da ƙa'ida, ana kuma rubuta abin da suka saya da kuɗin. Daga waɗannan littattafai ne masanin tarihi Charles Dew ya gano rayuwar wani gwanin tace ƙarfe mai suna Sam Williams, wanda yana bawa ya tara kuɗi har ya ajiye a banki.

Gaskiya ne cewa 'yantattun bayi sunan ubangidansu na ƙarshe suka ɗauka?

Wasu sun yi haka, da yawa ba su yi ba. Akwai waɗanda suka riƙe sunan wani ubangida na can baya, wanda a gidansa aka haifi mahaifinsu ko kakarsu, akwai waɗanda suka zaɓi sabon suna, kuma ana samun 'yan uwa ciki ɗaya da sunayen dangi mabambanta. Mutum yana iya shiga soja da suna ɗaya ya fito a ƙidayar 1880 da wani. Suna alama ce da za a bi, amma kafin a ce wane bawan wane ne sai an sami takardar da ta haɗa su.

Wace irin shaida ake samu a takardun Hukumar 'Yantattun Bayi da na bankinsu?

Majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar da aka fi sani da Freedmen's Bureau ranar 3 ga Maris, 1865, ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, da Janar Oliver Otis Howard a matsayin shugaba, aka kuma rufe ta a 1872. Ko da yake takardunta suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, ainihinsu na ƙananan garuruwa ne, domin jami'anta a ofisoshin ƙauyuka suka rubuta su. Ga mai binciken ƙwadago babu kamar yarjejeniyoyin aiki na 1865 zuwa 1868, waɗanda suke ɗauke da sunan mai gona, da sunayen ma'aikata, da ladan da za a biya ko kason amfanin gona, da sharuɗɗa kamar yanke lada kan rashin lafiya ko fita ba da izini ba. Yawancin ma'aikatan alamar X suka yi a madadin sa hannu. Littattafan ƙorafi sun fi su daɗin karatu, domin a nan ne lebura yake zuwa da ƙafarsa ya ce an kore shi bayan an gama girbi ba a biya shi ba, ko uwa ta ce kotun gunduma ta ɗaure ɗanta a hannun tsohon ubangida da sunan koyon sana'a.

A rana ɗaya da hukumar aka ba da izinin kafa bankin ajiya na 'yantattun bayi, wanda ya buɗe rassa 37 kafin ya durƙushe a 1874 da kuɗin masu ajiya sama da mutum 60,000. Asarar ta yi muni, amma littattafan buɗe asusu na rassa 29 sun tsira, kuma a cikinsu akan rubuta inda aka haifi mai ajiya, da inda ya girma, da sana'arsa, da wanda yake yi wa aiki, da sunayen matarsa da 'ya'yansa da iyayensa da 'yan uwansa, wani lokaci har da bayanin cewa an sayar da wane tun yana yaro. Shafi ɗaya na irin wannan yana iya warware abin da ƙidaya uku ba su warware ba.

Idan mutumin ya yi aikin soja fa?

To an yi babbar sa'a. Baƙaƙe kimanin 179,000 ne suka shiga rundunar ƙasa ta gwamnatin tarayya a yaƙin basasa, wasu kimanin 19,000 kuma suka shiga ta ruwa. Mai neman fansho, musamman matar da mijinta ya mutu, dole ta tabbatar da aure da haihuwar 'ya'yan da aka yi a zamanin da doka ba ta san auren bawa ba. Saboda haka sai ta kawo maƙwabta da tsofaffin abokan bauta su yi rantsuwa su ba da labari, kuma wannan labari yakan haɗa da wace gona, wane ubangida, wane aiki mutumin ya yi bayan yaƙi, da yadda ciwo ya hana shi ɗaukar gatari. Fayil ɗaya yana iya wuce shafi ɗari.

Bayan an rufe Hukumar 'Yantattun Bayi, ina ake samun manomin da ba shi da gonar kansa?

A littattafan bashi. Tsarin da ya kafu shi ne mai gona ya ba da fili da alfadari da iri, manomi ya ba da ƙarfinsa da na iyalinsa, a raba amfanin bayan girbi, abincin shekara kuma a ci bashi daga kanti. Don mai kanti ko mai gona ya tabbatar da haƙƙinsa, yakan yi rajistar jinginar amfanin gonar da ba a ma shuka ba a kotun gunduma, kuma a wannan rajista ake samun sunan manomi, da yawan bashin, da gonar da yake nomawa, da saniya ko keken doki da ya haɗa a jinginar. Idan aka bi sunan shekara bayan shekara za a ga ko bashin yana ƙaruwa, ko ya sauya mai gona, ko kuma wata shekara sunansa ya koma littafin masu sayen fili. Takardar noma ta ƙidayar 1880 ma tana bambanta mai gona da ɗan haya da mai noman a raba amfani. Kafin duk wannan akwai rajistar masu zaɓe ta 1867, wadda a wurare da yawa ita ce takardar gwamnati ta farko da ta rubuta cikakken sunan baƙar fata namiji. Ta Alabama tana hannun ma'ajiyar tarihin jihar da ke Montgomery, wadda aka kafa a 1901.

Me ya haɗa binciken leburori da takardun gidan yari?

Abin da ya haɗa su shi ne tsarin ba da hayar fursunoni. Gyara na 13 na kundin tsarin mulki, wanda ya soke bauta a 1865, ya bar ƙofa a buɗe ga aikin tilas a matsayin hukuncin laifi, sai jihohi da gundumomin kudanci suka riƙa miƙa fursunoni ga masu mahaƙai da masu yin bulo da masu gonakin rake suna karɓar kuɗi duk wata. Alabama ba ta daina ba sai 1928, kuma mafi yawan waɗanda aka ba da hayarsu baƙaƙe ne. Laifuffukan da suke kai mutum mahaƙa sau da yawa ba su taka kara sun karya ba: yawon banza, caca, hawa jirgin ƙasa babu tikiti. Abin da yake tsawaita zaman shi ne kuɗin kotu, domin wanda ya kasa biyan ladan mai kamu da na magatakarda da na shaidu sai a mayar da bashin kwanakin aiki.

Labarin Green Cottenham, wanda ɗan jarida Douglas Blackmon ya tono, ya nuna yadda ake ɗinka irin waɗannan takardu. An kama shi a gundumar Shelby a ƙarshen Maris na 1908 bisa zargin yawon banza, aka yanke masa aikin wahala na kwana 30, kuɗin kotu suka mayar da shi kusan shekara guda, aka miƙa shi haya kan dala 12 a wata ga kamfanin kwal da ƙarfe na Tennessee, wanda kamfanin U.S. Steel ya saya a 1907. Ya mutu a mahaƙar Pratt da ke wajen Birmingham kafin shekarar ta ƙare. Babu takarda guda da ta ba da wannan labari: littafin kotun gunduma ya ba da laifi da hukunci, rajistar fursunoni ta ba da kamfani da ranar mutuwa, ƙidaya ta ba da iyayensa. Haka ma fashewar mahaƙar Banner ranar 8 ga Afrilu, 1911, wadda ta kashe mutum 128, kusan dukkansu fursunoni. Sunayensu a rajistar fursunoni da rahoton masu duba mahaƙai ake samunsu, ba a duwatsun kabari ba. Ɗakin karatu na birnin Birmingham ya tattara sunayen waɗanda suka mutu a mahaƙan kwal na jihar daga 1898 zuwa 1938.

Abin kiyayewa a nan shi ne kada mai bincike ya ɗauki kalmar kotu ya maimaita ta kamar gaskiya. Takardar ta tabbatar da cewa an tuhumi mutum an hukunta shi. Ba ta tabbatar da cewa ya yi laifi ba. Yana da kyau a duba ko kame yana ƙaruwa a watannin da kamfanoni suke bukatar hannu.

Mata fa? Me ya sa suka fi ɓacewa?

Suna sauya sunan dangi da aure, aikinsu a gidajen mutane yake inda babu takardar albashi, kuma jami'in ƙidaya yakan rubuta cewa mace tana kula da gida alhali tana gona daga safe zuwa yamma. Ƙari a kan haka, dokar fanshon ma'aikata ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da 'yan aikatau, wato kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙaƙe a lokacin, ba a fara shigar da su ba sai a shekarun 1950. Ana samun mata a rajistar aure, da littattafan coci da na ƙungiyoyin taimakon juna, da littattafan cefanen gidajen da suka yi wa aiki, da kundin adireshin birni. Wani lokaci kuma abokan gabarsu ne suka adana labarinsu. Yajin aikin mata masu wankau na Atlanta a Yuli na 1881, wanda ya fara da mutum 20 ya kai kimanin 3,000 cikin mako uku, an san shi ne galibi ta jaridar fararen fata da take yi musu ba'a, da kuma labarin tarar da kotun birni ta ci wasu daga cikinsu.

Yaya ake bin wanda ya bar gona ya koma birni ko arewacin ƙasar?

Tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙe kimanin miliyan 6 suka bar kudanci. Kundin adireshin birni, wanda ake bugawa kusan duk shekara, yana ba da suna da sana'a da adireshi, sau da yawa har da kamfani, kuma a biranen kudanci akan sa wa sunan baƙar fata wata alama ko a ware su a sashe dabam. Wariyar da ta haifar da wannan alama ita ce yau take taimakon mai bincike ya bambanta mutum biyu masu suna ɗaya. Katin rajistar shiga soja na 1917 da 1918, wanda maza kimanin miliyan 24 suka cika, yana ɗauke da ranar haihuwa da wanda mutum yake yi wa aiki. A zagayen farko an umarci jami'i ya yage kusurwar katin idan mai shi ɗan asalin Afirka ne. Takardar neman lambar fansho, wadda aka fara cikawa a ƙarshen 1936, tana da sunan uba da sunan uwa kafin aure, kuma mutumin da kansa ne ya faɗa. Ma'aikatan jirgin ƙasa suna da hukumar fanshonsu dabam, takardun kamfanin Pullman mai taragon kwana na jirgin ƙasa kuma suna ɗakin karatu na Newberry a Chicago. Taswirorin inshorar gobara na Sanborn suna nuna gida-gida, ta yadda za a ga tazarar da ke tsakanin ɗakin lebura da bakin tanderun da yake aiki.

Za a iya dogara da takardar shaidar mutuwa?

A kan rana da wurin binnewa, galibi ana iya dogara da ita. A kan shekaru da sunayen iyaye, ya danganta da wanda ya ba da bayanin, domin wani lokaci maƙwabci ne ko ma'aikacin asibiti. A kan dalilin mutuwa kuwa sai an yi hattara idan kamfani yana da hannu. A aikin haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a West Virginia, wanda aka fara a 1930, ma'aikata da yawa, galibinsu baƙaƙe da suka zo daga kudanci, sun mutu da cutar huhu da ƙurar dutse take haddasawa, amma aka riƙa rubuta nimoniya ko tarin fuka. Binciken majalisa na 1936 ya ambaci mutum 476, wani likita mai bincike ya ƙiyasta 764 daga baya. Ya kamata a tuna kuma cewa jihohin kudanci ba su fara rajistar mutuwa ta bai ɗaya da wuri ba: Alabama a 1908, Mississippi a 1912, Georgia a 1919. Inda babu takarda, littattafan masu shirya jana'iza na baƙaƙe sukan cike giɓi, wani lokaci kuma ƙasa ce take tona asiri, kamar kaburbura 95 na fursunonin gonar rake da aka gano a Sugar Land ta Texas a 2018 ana haƙa harsashin makaranta.

Akwai inda ake jin muryar leburan da kansu?

Akwai, ko da yake ba ta da yawa. Daga 1936 zuwa 1938 ma'aikatan wani shirin gwamnatin tarayya sun yi hira da tsofaffin bayi sama da 2,300 a jihohi 17. Hirarrakin suna da daraja, amma yawancin masu tambayar fararen fata ne, wasu ma daga gidajen tsofaffin iyayengiji, masu amsawa kuma tsofaffi ne matalauta da suke fatan tallafi, don haka yabon da wasu suka yi wa zamanin bauta sai a karanta shi da sanin wanda yake zaune a gabansu. Hirarrakin da jami'ar Fisk ta baƙaƙe ta gudanar a wajajen 1929 sun fi fitowa fili da ɗaci. Akwai kuma tallace-tallacen cigiya da 'yantattun bayi suka riƙa bugawa a jaridun coci har shekaru da dama bayan yaƙi, inda mutum yake lissafa sunan uwarsa da iyayengijin da suka saye shi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon fastoci su karanta wa jama'a ranar Lahadi.

Idan kotun gundumar ta ƙone fa?

Da yawa sun ƙone, wasu a yaƙi, wasu da gobarar murhu. Wasu gundumomin Virginia ma sun aika da takardunsu Richmond, babban birnin jihar, don a tsare, suka ƙone a can a Afrilu na 1865. Sai a nemi kwafin da aka aika wa jiha, kamar na haraji, da shari'o'in da aka ɗaukaka zuwa babbar kotu, da takardun gundumomin maƙwabta, da na iyalin ubangida da suka ƙaura zuwa wata jiha da littattafansu.

Ana iya kai bincike har ƙasar Hausa ko Borno?

Ga mafi yawan iyalai takardu ba sa kaiwa, domin jiragen bayi yawan mutane suke rubutawa ba sunaye ba, kuma daga cikin kimanin miliyan 12.5 da aka ɗauka daga Afirka, kimanin 388,000 ne kawai aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa. Louisiana ta bambanta, domin magatakardan Faransa da Sifaniya, ƙasashen da suka taɓa mulkinta, sukan rubuta ƙabilar bawa a takardun ciniki da na gado, kuma a tarin sunaye kimanin 100,000 da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattaro daga kotunan yankin akwai waɗanda aka rubuta su a matsayin Hausawa, ko da yake ba su kai yawan Hausawan Bahia ta Brazil ba. Akwai kuma Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa, wanda aka sayar ta hanyar Tarabulus zuwa Istanbul, ya zauna a Rasha, ya isa Amurka yana mai 'yanci, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, daga baya ya koyar a makarantun kudanci. Tarihin kansa da ya buga a 1873 bai ambaci aikin sojan ba ko kaɗan, takardun rundunar ne suka tabbatar da shi, abin da yake nuna cewa ko wanda ya rubuta labarinsa da hannunsa sai an gwada maganarsa da wata takarda.

Wanda ba ya Amurka zai iya yin wannan bincike?

Zai iya yin kaso mai yawa. Shafin FamilySearch kyauta ne, kuma yana da ƙidaya, da takardun Hukumar 'Yantattun Bayi waɗanda masu sa kai suka fitar da sunaye kusan miliyan 1.8 daga cikinsu a 2015 da 2016, da hotunan littattafan gado da na filaye na gundumomi masu yawa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka hirarrakin tsofaffin bayi da tsofaffin jaridu da taswirorin Sanborn a intanet. Sai dai a sani cewa akwatin nema ba ya ganin komai, domin an kwafi sunaye da yawa ba daidai ba daga rubutun hannu mai wuyar karantawa, kuma tsofaffin fihirisan kotu sunan mai dukiya suke bi, ba na bayin da ke cikin takardar ba, don haka dole a buɗe littafin a bi shi shafi-shafi. Takardun albashi na kamfanoni, da littattafan coci, da yawancin fayilolin fansho, har yanzu suna kan takarda. Waɗannan sai a rubuta wa ma'aikacin ma'ajiyar da take riƙe da su, a ambaci cikakken suna da gunduma da shekarun da ake nema, a kuma tambayi kuɗin ɗaukar hoto kafin a ba da umarnin aikin.